Wasiƙar Malama a Cikin Kwantena

Har yau in Yaya ya shigo gidana yana kaɗa makullin mota, sai raina ya ɓaci. Muna gaisawa, ina zuba masa abinci, ba mu taɓa gaba ba, don ba a yi mana irin wannan tarbiyyar ba. Amma ban huce ba, kuma ba na jin zan huce. Shi kuwa a ganinsa ba abin da ya yi. Bargo aka ba shi ya aika gida, ya kuma aika.

Mahaifiyarmu tana cikin matan farko da suka koyar a makarantar 'yan mata a lardinmu. Kowa Malama yake ce mata, har mu da ta haifa, har mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Ta fara aiki tana da ƙuruciyarta, lokacin da in mace ta riƙe alli ake yi mata kallon wadda ta fi ƙarfin gidansu. A makarantar ta tarar da wata malamar sa'arta, aka ba su ɗaki ɗaya, suka haɗa tukunya. Ita muke kira Gwaggo, alhali ba dangin iya ba na baba. Tare suke hawa bayan akori-kura su shiga ƙauyuka roƙon iyaye su ba da 'ya'ya mata. A wani gidan a kore su, a wani a dama musu fura su sha, sannan a ce yarinyar ta tafi ganin kakarta. Ba su daɗe tare ba aka yi wa Gwaggo canjin wurin aiki zuwa can gabas, tafiyar da a motar wancan zamanin sai an kwana a hanya. Daga nan wasiƙa ta fara shiga tsakaninsu.

A cikin wasiƙun nan muka tashi. Suna da ƙa'idarsu da ba wanda ya gindaya musu: in ta ɗaya ta zo, ɗayar za ta amsa kafin wata ya mutu, kuma ba mai rubuta biyu a jere. Ba sa bi ta gidan waya, tun da ɗaya ta taɓa salwanta a can. Hannu da hannu ake kaiwa, ta wurin direban da aka sani, ko ɗalibar da za ta tafi hutu, ko mai fataucin wake. Da farko mahaifinmu bai so ba. Matar aure ana kawo mata takarda a rufe daga wani gari, me za a ce masa a majalisa? Malama ba ta yi musu da shi ba. Duk wadda ta zo sai ta jira ya zauna cin tuwo, ta buɗe ta karanta masa tun daga bisimilla har sa hannu: kuɗin gero a kasuwar can, yaron Gwaggo yana haƙori, sufeto ya zo ya ce allo ya koɗe, an cire ɗaliba mai ƙoƙari daga aji huɗu, rufin ɗakin kwanan yara yana yoyo. Ba a yi nisa ba ya ce don Allah ta riƙa karanta abarta ita kaɗai.

Ni kam ina ƙarama na tsani wasiƙun nan. Ranar ba da amsa ba mai tari a gidanmu. Malama za ta dawo daga makaranta, ta ajiye littattafan da za ta duba, ta zauna a kan teburinta na katako ta juya mana baya. Tuwo ya yi ƙauri, ƙanina ya yi ta kuka a bayan mai reno, ko a jikinta. Na taɓa zuwa da ƙaya a ƙafa ina ɗingishi, ta ce in jira ta ƙarasa shafi. Sai da na girma na yi aure, aiki ya kawo mu Dubai, na zauna a garin da ba wanda ya san ni ina yarinya, sannan na gane abin da take yi a kan teburin nan. Duk lardin ba wata mace da za ta gane mata gajiyarta sai Gwaggo.

Akwai abu ɗaya da ya kamata a sani game da Gwaggo. Shekarun baya babban ɗanta ya rasu a haɗarin mota, 'yan gidanta suka ɓoye mata saboda hawan jini. Yau a ce ya yi tafiya, gobe a ce ya kira tana barci. Malama ce ta ƙi shiga ƙaryar. Ta ɗauki biro ta rubuta mata gaskiya, ta kuma bi bayan wasiƙar da ƙafarta. Tun daga ranar Gwaggo ba ta yarda da bakin kowa a kan maganar rai da mutuwa, sai rubutun Malama. Ga shi kunnenta ya tafi, waya ba ta yi mata amfanin komai.

Ni na matsa aka kawo Malama nan a duba mata zuciya. Ina aiki a wani kantin magani a Karama, a unguwar kuma muke zaune, ɗaki biyu da falo a hawa na uku, maƙwabtanmu Indiyawa da 'yan Filifin. Yaya kuwa ya riga ni zuwa da daɗewa. Yana da ofishin kago a unguwar Deira, shi ke yi wa 'yan kasuwarmu lodin kaya, na jirgin sama da na ruwa. Ba ranar Allah da mutum biyar ko goma ba sa fita daga ofishinsa su nufi filin jirgi za su Kano.

Malama ta zo da wasiƙar Gwaggo a jakarta, wadda ta same ta ana gobe za ta taso. Sati bai cika ba ta ce in samo mata takarda mai layi. Ta zauna a teburin cin abinci ta juya mana baya, ni da yarana, kamar dai da. Shafi huɗu ta cika. Na san abin da ke ciki, don sai da ta yi ta tambayata: me ake kiran jirgin ƙasan nan da ba shi da direba, nawa ake sayar da albasa, me ya sa matan ƙasar ba sa gaishe da mutum a lif ɗin hawa bene. Washegari ta sa na kai ta kasuwa ta zaɓi bargo mai kauri, ta ce Gwaggo ba ta jure sanyi. Ta sa wasiƙar a tsakiyar bargon, ta naɗe, ta ɗaure da igiya da hannunta.

A gabana ta miƙa wa Yaya. Ta ce, "Akwai takarda a ciki. Ka ba wanda zai tafi a satin nan, wanda ka yarda da shi. Hannu da hannu."

Ya ce, "Khalas, Malama, an gama. Wannan ai aikinmu ne." Yana maganar waya tana manne a kunnensa.

Bayan nan da 'yan kwanaki, da hantsi, ina shirin fita aiki, na ji kofi ya faɗi a kicin. Na tarar da ita a jingine da bango, bakinta ya karkace, hannun dama yana reto. Allah ya taimaka asibiti ba nisa. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce amma ta zo da sauƙi, magana za ta dawo, ƙafa za ta dawo. Hannun ne sai an dage da gashi da motsa shi kullum na wasu watanni, in aka yi sake ya sandare shi ke nan. Yaya ya ce kada a faɗa wa kowa a gida, kada a tayar wa mutane da hankali. In 'yan gida suka kira, sai a ce tana barci.

Maganar ta dawo, a hankali, da ɗan nauyin harshe. Abin da ta fara tambaya da ta iya haɗa zance shi ne ko amsa ta zo. Gidana ba ya rabo da baƙi, matan da ke zuwa saro kaya suna biyowa su gaishe ta, wasu ma ɗalibanta ne na da can. Duk wadda ta yi sallama sai na ga idon Malama a kan jakarta. In aka gama gaisuwa ba a zaro komai ba, sai ta kau da kai ta dubi taga. Wata ya mutu, wani ya tsaya, shi ma ya mutu. Ta fara cewa ko dai Gwaggo ce ba lafiya ake ɓoye mata. Na tambayi Yaya wa ya ba saƙon nan, ya ce wani mutumin kirki, inshallah ya isa, in daina damun shi yana da lodi.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci Yaya ya zo cin abinci, muna zaune a falo, sai ga wata Hajiya mai saro atamfa da mayafai. Gidan iyayenta yana layi ɗaya da na Gwaggo. Ta shigo da sallama, ta yi turus da ta ga Malama a kan kujera, sannan ta durƙusa ta gaishe ta tana ta kallonta. Can ta zaro ambulan ta miƙa wa Yaya a ɓoye ta gefen kujera, ta ce a hankali, "Alhaji, naka ne."

Malama bakinta ne ya karkace, idonta lafiya lau. Daga inda take ta gane rubutun.

Ta ce, "Kawo nan."

Yaya ya riga ya buɗe, ya karanta layin farko, fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Ba komai ba ne, Malama, maganar kaya ce."

"Ni na koya maka karatu. Miƙa wa ƙanwarka ta karanta, da ƙarfi."

Na karɓa. A saman takardar an rubuta, zuwa ga babban ɗan marigayiya. Na tsaya. Malama ta ce in ci gaba, ba ta son karatun in-ina.

Ban manta abin da ke ciki ba. Gwaggo ta ce bayan gaisuwa, ta san mun ɓoye mata ne saboda ciwonta, ta yafe mana, amma ita ba yarinya ba ce. Tun suna 'yan mata Malama ba ta taɓa barin ta ba amsa ba, ko lokacin da ta haifi Yaya daga kan gadon jego ta rubuto. Shirun nan ya gaya mata abin da bakinmu ya kasa. Ta ce ta yi mata sadakar waina, ta sa an yi sauka, ta kuma tara tsofaffin ɗalibansu na garin sun yi addu'a. Ta yi mana nasiha mu riƙe zumunci. A ƙarshe ta ce abu ɗaya take roƙo, mu gaya mata inda aka binne ta, gida ko can. In can ne, ko a cikin waɗanda suka sallace ta akwai mutum ɗaya da ya san ko ita wace ce.

Na ninke takardar. Hajiyar nan ta sa gefen mayafi tana share ido, tana cewa wallahi ta rantse wa Gwaggo har ta gaji, ta ce mata da an yi rasuwa ai da ta ji, Gwaggo ta ce haka aka yi ta rantse mata a kan ɗanta.

Malama ba ta yi kuka ba. Ta juyo ta dubi Yaya ta ce, "Wa ka ba takardata?"

Nan ya fara kame-kame. Wai bargon yana da nauyi, ba wanda zai yarda ya ɗauke shi a kilonsa, kowa kayansa sun yi masa yawa. Wai lokacin ana lodin wata kwantena a sitonsu na Ras Al Khor, sai ya ce a jefa a ciki, ai duk gida za ta. Wai ba laifinsa ba ne jirgin ya tsaya a wata tasha, kuma ko ya isa Legas sai an yi kiliya a kwastan.

A nan na manta da cewa yayana ne. Na ce, "Ta ruwa? Wasiƙar Malama ka sa a jirgin ruwa, da tayoyi da firji?"

"Ke, yi min magana a hankali. Bargo ne fa da takarda."

"Ba za ka iya zare takardar ka ba wani ya sa a aljihu ba? Mutum nawa suka fita daga ofishinka a satin nan? Kilo nawa ne shafi huɗu?"

"Wallahi mantawa na yi akwai takarda. Kin san yadda Deira take. To ni na ce tsohuwar nan ta kashe mutum da ransa? Yanzu wa yake rubuta wasiƙa? Yalla, maza a kira su a bidiyo, minti biyu an gama."

Abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Mutumin da in ɗan kasuwa ya ba shi kwalin agogo zai bi shi da lamba, ya ɗauki hoto, ya kira sau uku ya ji ko ya isa. Na uwarsa ne ba shi da lamba, don ba a biya kuɗinsa ba. Kuma watannin nan duk yana gani tana leƙen jakunkunan mutane, ya san inda takardar take, bai buɗe baki ba. Na gaya masa haka, na ƙara da wasu maganganun da ba zan rubuta a nan ba. Hajiya tana ta cewa a yi haƙuri, a yi haƙuri, kamar haƙurin ne ya ɓata.

An yi kiran bidiyon. Jikan Gwaggo ya riƙe mata waya, muka gan ta a kan tabarma, ta rame, tana gyara tabarau. Malama ta ɗaga hannun hagu, ta kira ta da sunan da su biyu kawai suke kiran juna. Amma Gwaggo ba ta ji. Abin da take gani wata tsohuwa ce da ta zabge, bakinta a karkace, hoton yana tsayawa yana tafiya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ture wayar. Muna ji tana cewa, "Ku ji tsoron Allah. An ce yanzu kuna iya sa hoton mamaci ya motsa baki. Ko kunya ba kwa ji, ko kamannin ma ba ku iya yi daidai ba. In tana da rai ta rubuto."

Washegari na ɗauki hutun rabin yini na tafi Ras Al Khor, ni da kaina ban san abin da nake nema ba. Zafi kamar a gasa gurasa, ga ƙarar injin ɗaga kaya. Mai kula da sito ya duba ya ce wannan kwantenar ta daɗe da barin ƙasar, sai dai a jira. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon kwalaye har rufi, kowanne da sunan mai shi da baƙin alƙalami, na ji kamar in sa ashana.

Da na dawo gida na tarar da Malama a teburi, biro a hannun hagu, takardu a yamutse a ƙasa. Ta yini tana gwadawa. Rubutun ya fito kamar na ɗan aji ɗaya, yana hawa yana sauka. Na ce ai ko wannan a aika, ko ta faɗa ni in rubuta ta sa hannu.

Ta ce, "In ta ga wannan cewa za ta yi jikana kuka sa ya kwaikwaya. Kuma da gaskiyarta, ni ma da haka zan ce." Ta ajiye biron. "Ki ce wa yayanki ya yanka min tikiti."

Na ce ba inda za ta. Na tuna mata abin da likita ya ce, hannun ya fara motsi, yatsu biyu sun fara lanƙwasawa, in aka katse gashin yanzu an yi asarar duk wahalar da aka sha. A garin Gwaggo wa zai yi mata? Na ce ta ba ni wata biyu kawai. Na yi faɗa, na yi lallashi, har kuka na yi.

Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Ke ba kin taɓa zaman makokin wanda kike so ba? Ita yanzu a ciki take, kullum. Shekarunta sun fi nawa. Wata biyun da kike cewa, ke za ki ba ta ko Allah?"

Dole na haƙura. Likita ya yi nasa gargaɗin, ya ba da takarda ba da son ransa ba. Yaya ne ya raka ta, wannan kam Malama ba ta ba shi zaɓi ba. A filin jirgi ina tura kekenta, yana gefe yana waya a kan wasu kaya da aka riƙe masa.

Matar ƙanina ce ta ba ni labarin isarsu. Ta ce da aka shigar da Malama tsakar gidan, Gwaggo tana zaune tana jan carbi. Ta ɗago ta duba, carbin ya faɗi. Ta rarrafo, don ba ta iya miƙewa da sauri, ta shafa fuskar, ta shafa kafaɗa, ta kamo hannun daman ta ji shi ba ƙarfi. Sai ta rungume hannun a ƙirjinta ta fashe da kuka, Malama ma a ranar ta yi nata. A ɗakin Gwaggo aka shimfiɗa mata, ta ce ba za ta koma ko'ina ba. Har yanzu tana can. Ɗaya ba ta ji, ɗaya ba ta rubutu, suna zaune dai tare.

Na ji daɗin wannan, ba zan ɓoye ba. Amma hannun ya sandare. Yatsun nan biyu da na yi ta murzawa da man zafi safe da yamma sun koma sun dunƙule. Matar da ta koya wa rabin matan lardinmu riƙe alƙalami, yanzu in za ta karɓi fanshonta dangwale take yi. Shafi huɗun nan da ta cika a teburina su ne rubutunta na ƙarshe a duniya.

Bayan tafiyarta da kusan wata guda, ina tsaye a kanti ina ba wani mutum maganin tari, wayata ta yi ƙara. Yaya ne ya turo hoto: bargon nan a kan tabarmar Gwaggo, igiyar da Malama ta ɗaure tana nan ba a kwance ba. A ƙasa ya rubuta, "Alhamdulillah saƙo ya isa lafiya. Na gaya miki kaya ba sa ɓata a hannunmu."